Allo Ya Yi Baƙi, Batir Kuma Na Ta Sauka

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a Ƙofar Nassarawa, kwamfuta shida a kan inbata. In mun kulle su allon yakan yi baƙi ƙirin, amma batir na sauka kamar muna aiki. Inbatar ce ta lalace?

Amsa: Kafin ka ɗora wa inbata laifi, ka kashe fitilun shago bayan isha'i, ka ƙura wa allon ido. In ka ga wani ɗan haske toka-toka na leƙowa ta gefe, to bai yi barci ba, baƙin hoto kawai makullin ya shimfiɗa masa. Allon LCD fitila ce a bayansa, kuma ko fari ya nuna ko baƙi, tana nan tana ci. Barci na gaskiya sai kwamfuta ta janye masa sigina, ta tsarin da ake kira DPMS, wanda ƙungiyar VESA mai tsara ƙa'idojin alluna ta fitar tun 1993. Nan ne za ka ga ƙaramar fitilar maɓallin ta koma ruwan lemo ko ta soma ƙyaftawa, cin wutar sababbin alluna kuma ya faɗo ƙasa da wat 1.

Mu yi lissafin 'yan tireda. A ce allo ɗaya wat 25, awa 10 a banza kullum: kwatan yunit ke nan. Shida a wata, yunit 45. Wanda ke Band A, rukunin da aka fi ba wutar lantarki, da yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, ya san zafin abin.

A Windows shiga Settings, sai System, sai Power, ka sa allo ya mutu bayan minti 5, kwamfutar ma ka sa mata lokacin barci. A Linux, rubuta umarnin xset q a Terminal, zai gaya maka ko DPMS na kunne.

Amma bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai je kasuwa ya kwaso allunan gwanjo don ya ga araha, a liƙa musu sitika mai cewa LED, alhali tsofaffi ne masu fitilar CCFL, ƙanwar doguwar fulorosan, masu cin wuta da ɗaukar zafi. Ragin da ka samu wajen ciniki, batir da mai na janareto za su karɓe shi da riba. Juya bayan allon, karanta shekarar ƙira da lambar samfuri. Ka sa a kunna shi na minti 15, ka ɗora tafin hannu a samansa. Mai kayan da ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama. Ban da “wallahi daga Turai yake”, wannan ba garanti ba ne.

Tambaya: Baba, allona ya rubuta “No Signal” ya mutu bayan na kulle kwamfuta. Aikin karatuna na ƙarshe na ciki, ko barci na kasa. Ɗaliba, Gwale.

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, lafiyarsa ƙalau, abin da ya kamata ya yi ke nan. Taɓa maɓalli ɗaya, ki ba shi 'yan daƙiƙu. In ya ƙi, matse wayar HDMI ko VGA ɗin. Aikinki ba a cikin allo yake ba. Sai dai ki kwafe shi a filashi yau ɗin nan.

Tambaya: Hoton kifayen nan masu yawo a allo yana rage cin wuta?

Amsa: Haba Malam! Kana kallon kifi na iyo, kana tambaya ko allo a kashe yake? Cire shi.