Amsa: Ko Cessna 172 zai iya alkafura a sama?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramin jirgin sama Cessna 172 da ake koyon tuƙi da shi zai iya alkafura da juyin waina a sama. Don Allah kada ma a gwada, ba don haka aka ƙera shi ba.

Idan matuƙi ya ja jirgi zai yi da'ira, nauyin da ke kan fukafukai yakan ninka sau uku ko huɗu. A dokar Amurka, jirgin wasan alkafura dole ya jure ninki 6, na yau da kullum kuwa 3.8 kawai ake nema. Ga kuma maganar mai: a 172 daga tankunan fukafukai yake gangarowa, da ka kifa jirgin sai mai ya daina isa inji, inji ya mutu. Shi ya sa ake amfani da jirage irin su Pitts Special na Amurka da Extra 300 na Jamus, masu shan mai ko a kife.

Jikinka ma sai ya saba. Jini kan gangara ƙafafu, gani ya dushe, wani har ya suma, don haka matuƙa kan matse tsokar ciki da ta cinyoyi su tare jinin. Ka fara da malami a jirgin koyon alkafura irin Super Decathlon, da laimar sauka a bayanka. A Amurka ba a wannan wasa ƙasa da ƙafa 1,500 daga doron ƙasa sai da izini na musamman.