Maple a kasko a ƙasar Ringim: zai yiwu kuwa, kuma yaushe ake fara sassaƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. Na ga bidiyo a YouTube, wani mutum da 'yar bishiyar maple a cikin kasko, bonsai suke ce mata, ya sassaƙe gindinta ya yi mata kogo ta koma kamar tsohuwar bishiya, ganyen nan ja jawur. Na ga ana sayar da irin a intanet, in saya? Kuma sassaƙar tun tana ƙarama ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya na ji daɗin tambayar nan, amma kuɗin irin nan ka riƙe abinka. Maple ɗin da ka gani mai jan ganye ɗan Japan ne da Koriya da Sin, bishiyar ƙasar sanyi ce, duk shekara sai ta zubar da ganye ta kwanta barci na wata biyu zuwa uku cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba, kuma wannan jan da ya burge ka sau da yawa kalar da ganyen ke yi ce dab da zai zuba. Hunturunmu da dare ne kawai, da rana ta fito an koma zafi, ga iska busasshiya, sannan Afrilu ta zo da digiri 40 ta soya wannan siririn ganyen. Ko ta tsiro za ta yi ta rama ne har ta mutu, ka zauna kana zargin hannunka alhali ba laifinka ba ne.

Toh amma aikin da ake yi wa maple ɗin shi ne abin koyo, kuma duk za ka iya yinsa a kan tsamiya. Ni tsamiya nake fara ba kowa shawara, ganyenta ƙanana ne tun asali, ɓawonta na tsattsagewa ya yi kamar ya tsufa, itacenta ga tauri. Cediya da durumi ma suna yi, sun fi saurin girma da saurin warkewa.

Sassaƙa kuwa ita ce kusan aikin ƙarshe. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne shekarun da aka yi ana gina gindin. Bishiya ba ta yin kauri a ƙaramin kasko, don haka a ƙasa ake shuka ta ko a babban baho, a sare saiwar nan da ke nutsawa ƙasa, a ɗora ta kan fale-falen dutse ko guntun tayil a rufe da ƙasa, sai saiwoyin su bazu gefe-gefe gindin ya buɗe daga ƙasa. A bar ta ta yi ta tashi yadda take so shekara uku, huɗu, biyar, har gindin ya kai kaurin da ake so, sannan a datse ta gaba ɗaya a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Nan ne mutane ke jin tsoro, ka raini bishiya ta fi ka tsawo sannan a ce ka sa zarto. Amma za ta tofo ta ko'ina, sai ka zaɓi reshe ɗaya mai kyau ya zama sabon kai, shi ma ka bar shi ya yi kauri shekara ɗaya ko biyu ka sake datse shi sama kaɗan. Haka ake samun gindi mai kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Kamar ginin ƙasa ne, sai layi ya sha iska ake ɗora wani.

Wannan datsewar ta farko ita ke barin babban tabo, kuma shi ake sassaƙawa. A kan maple ba a cika yin busasshen reshe fari tas irin wanda ake yi wa bishiyoyi masu ƙaro da ake kira junifa da fain ba, saboda itacenta ba shi da ƙaron da zai hana shi ruɓewa, shi ya sa kogo ake yi mata, Japanawa na ce masa uro. Su da injin sassaƙa na lantarki, ƙirar Dremel ko Makita, suke yi, kai wuƙa mai kaifi da ƙaramin cizal na kafinta sun ishe ka. Ka bar wurin ya bushe tukuna ka ga inda rai ya tsaya, ka bi jijiyar itacen, kar ka yi rami zagayayye sumul don da gani an san hannu ne ya yi, wani wuri ya yi zurfi wani ya tsaya sama-sama, bakin ya ɗan karkace. Ka buɗe wa ruwa hanya ta ƙasa kar ya kwanta a ciki. Babban abin kiyayewa shi ne ɓawo, ta ƙarƙashinsa abinci ke bi, in ka zagaye gindin ka kware shi duka toh ka kashe ta. Kaɗan za ka yi bana, baɗi ka ƙara, abin da ka cire ba ya dawowa. Ana shafa wa busasshen wurin wani ruwan magani na farar wuta, laim salfa, amma yana sa itace fari ƙal, shi ya sa masu maple kan ɗiga masa baƙin tawada don cikin kogon ya yi duhu. Cediya da durumi itacensu laushi ne, kar ka yi musu babban rami, kuka kuwa kar ma ka taɓa ta da cizal.

Rassa sai bayan gindi ya gama. Ana naɗa musu wayar alminiyom a lanƙwasa, amma da damina ka riƙa dubawa duk sati, reshe na kumbura waya ta shige cikin ɓawo, tabon kuma yana daɗewa. Sabon tofo in ya yi tsawo ka mayar da shi ganye biyu, da haka rassan ke yawa suna ƙanƙancewa.

Lokacin babban yanka da canjin kasko a wajenmu farkon damina ne, wajen Yuni in ruwa ya zauna, kar ka bi kalandar masu bidiyo. Ƙasar kasko kuma ba ta gona ba, su suna da tasu ƙasar da ake kira akadama, kai ka farfasa jan bulo ka tankaɗe ƙurar, ka haɗa da yashi mai tsakuwa da ɓarɓashin gawayi da ɗan ruɓaɓɓen taki, kaskon da manyan huji a ƙasa. Da bazara ban ruwa safe da yamma, da inuwa in rana ta take.

Ka sa ranka shekara takwas zuwa goma kafin ta fara kama da abin da ka gani. Kuma ka ɗora kaskon a kan benci mai tsawo, ƙafafun ƙarfe in da hali, saboda gara na son busasshen itacen da ka sassaƙa, akuya kuma ba ta barin ganyen tsamiya. In ka samo 'yar tsamiyar ka turo min hotonta daga gefe huɗu, sai mu ga inda ya kamata a datse.