Amsa kan kalmar "auditory" a tsofaffin littattafan Turanci

Malam, ka ce ka gamu da "the auditory" a wani tsohon littafin wa'azi, kana tambaya ko kuskuren bugu ne. A'a, daidai take. A da, Turawan Ingila suna amfani da ita a matsayin suna, ma'anarta taron masu sauraro, abin da yau suke kira "audience". Dukansu daga Latin suka fito, daga "audire", wato ji. Wani lokaci kuma tana nufin wurin da masu sauraron ke zama, musamman tsakiyar coci.

Ta fi yawa a rubuce-rubucen ƙarni na 16 zuwa na 18, a bakin masu wa'azi da malaman jami'a. Benjamin Franklin, marubuci kuma ɗan siyasar Amurka, ya yi amfani da jam'inta, "auditories", a tarihin rayuwarsa, inda yake bayanin George Whitefield, mai wa'azin da ya zo birnin Filadelfiya na Amurka a 1739. Ya ce duk yawan jama'ar sai su yi tsit. Har Franklin ya riƙa ja da baya a kan titi yana gwada inda muryar Whitefield ke kaiwa, ya lissafa cewa mutum fiye da 30,000 za su iya jinsa.

Yau kam kalmar ta koma sifa, ta abin da ya shafi ji, kamar jijiyar kunne a littafin likitanci. Idan takardar jarrabawa kake rubutawa ko wasiƙar ofis, rubuta "audience" kawai, don mai dubawa zai ɗauka ka yi kuskure ne.