Tambaya da Amsa: Ciyaman ya ce mu kafa kwamiti mu kawo sunaye, ta ina za mu fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni tela ne a wani ƙauye nan yankin Haɗeja, shan inna ce ta taɓa min ƙafafu tun ina yaro, da keken guragu nake yawo, kuma ni ne sakataren ƙungiyarmu a ƙaramar hukumarmu. To Malam an gina mana sabon asibitin sha-ka-tafi a mazaɓa, an yi fenti an yi komai wallahi gwanin sha'awa, amma matakala huɗu ce a bakin ƙofa, in na je sai na ajiye keken a waje na ja jiki da hannu na hau a gaban mata da yara, ranar da aka yi ruwa kuwa ba a magana. Muka haɗu muka je wajen ciyaman, ba laifi ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ce mu kafa kwamitin da zai dinga ba shi shawara kan lamuran masu buƙata ta musamman, mu kawo sunaye. Tun daga ranar rigima ta kaure, kowa so yake a sa shi don ana zaton da alawus, makafi sun ce mun fi su baki, wasu kuma sun ce ai yaudarar 'yan siyasa ce kawai. Su wa ya kamata mu sa, kuma me kwamitin zai yi takamaimai?

AMSA: Wa alaikumussalam ɗan uwa, Allah ya ƙara lafiya ya sa wa sana'a albarka. Shawarata ta farko, kar ku kai sunayen nan tukuna. Ku fara neman takarda.

Kwamitin da aka kafa da fatar baki a ofishin ciyaman, ranar da ciyaman ɗin ya sauka shi ma ya sauka, wani lokacin ma ba ya kaiwa nan, ana gama ɗaukar hoto a sa a Facebook shikenan an wuce wajen. Ku samu kansilan mazaɓarku da wani guda ɗaya ko biyu masu jin magana su kai batun zauren kansiloli a zartar da shi a rubuce, in da hali ma a mai da shi dokar ƙaramar hukuma. A cikin takardar a faɗi mutum nawa ne, shekara nawa za su yi, sau nawa za su zauna, sannan abu biyu da in babu su ni dai ban ga amfanin zaman ba. Na ɗaya, duk ginin da ƙaramar hukuma za ta yi ko ta gyara, aji ne, asibiti ne, rumfar kasuwa ce, sai an nuna wa kwamiti zanen kafin a ba da kwangila. Na biyu, in kwamiti ya rubuta shawara, a ba shi amsa a rubuce cikin wa'adin da aka yanka, ko da amsar a'a ce. Da an nuna muku zanen asibitin nan naku tun yana takarda ai da gyaran bai wuce a ja layi da biro ba, yanzu kuwa sai an fasa siminti an sake fitar da kuɗi.

Kuma ku shiga da ƙarfinku, ba roƙo kuka je yi ba. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda marigayi Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta ce a duba zanen gini kafin a amince da shi, jami'in da ya sa hannu a zanen da ya saɓa ƙa'ida kuma tarar da ba ta gaza naira miliyan 1 ba ce ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyun. Ita ce ta ware muku aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ita ce kuma ta haifar da hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman da ke Abuja. Na san wani jami'in zai kaɗa kai ya ce muku ai wannan dokar tarayya ce. To ku tuna masa tsarin mulkin 1999 da kansa ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a da magudanan ruwa, ga hannu a firamare da kiwon lafiya, wato dai duk wuraren da kuke shan wahalar yau da gobe nata ne. Uzurin babu kuɗi ma ya ragu tunda Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a dinga ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, duk da dai aiwatarwar na jan ƙafa.

Maganar su wa za a sa, makafin nan suna da gaskiya fa, kar ka ji haushi. A yawancin wurare guragu ne kan gaba a irin wannan harka saboda sun fi yawo sun fi shiga ofis, sai a wayi gari duk maganar kwamiti ta koma kan keke da matakala, alhali makaho damuwarsa kwatar da aka bari a buɗe a bakin kasuwa da baburan da ake jibgewa a hanyar masallaci, kurma kuma damuwarsa ya wuni a layin asibiti ana ta kiran sunansa bai sani ba har a tashi. Kowane rukuni ya zaɓo nasa da kansa, kar ku zaɓa musu: makafi, kurame, guragu, waɗanda suka yi fama da kuturta, zabaya, da uwa ko uban yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa. Mata kar su gaza uku, kuma ba matan ado ba, waɗanda za su buɗe baki su faɗi yadda ake yi da mace gurguwa ranar awon ciki. Kurman da za a sa a nemo masa mai fassara da maganar hannu, in ba haka ba an dai zaunar da shi ne kawai. Mutum tara zuwa sha ɗaya sun isa, fiye da rabi ku ne, shugaba ma daga cikinku.

Ragowar kujerun na masu sa hannu ne: shugaban sashen ayyuka, na lafiya, sakataren ilimi ko wakilinsa, da wakilin hakimi. Na sashen ayyukan nan shi ne ƙashin bayan abin, in ya ce zai dinga turo yaronsa ku ƙi. Sarkin makafi da sarkin guragu kuwa ku ba su girmansu, sarautu ne masu tarihi a ƙasar Hausa kuma su ne suka san gidan kowa, a sa su iyayen kwamiti. Amma rubutu da bin fayil ofis-ofis a bar wa matasa masu karatu. Ku kuma sanar da reshen JONAPWD na jiha, haɗaɗɗiyar ƙungiyarku ta ƙasa kenan, don in an fara yi muku wasa da hankali a samu mai ɗaga waya daga Dutse.

Rigimar alawus ban yi mamakinta ba. Tun da gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naira 7,000 duk wata a 2007, in aka ce a kawo sunaye a Jigawa abin da ke zuwa ran mutane kenan, kuma ba laifinsu ba ne, talauci ne. Maganinta ku tara kowa ku faɗa a fili cewa babu albashi, kuɗin mota ne kawai ranar zama, kuma kwamiti ba ya rabon shinkafar azumi ba ya rabon keke. Za ka ga wasu sun zame da kansu. Wannan na rabon ku riƙe shi da kyau, don ranar da buhu ya fara bi ta hannun kwamiti daga ranar ba mai sake maganar gini, sai wa ya samu wa bai samu ba.

Aikin farko ku ari tef ɗin awo wajen birkila, kai da kake tela ma ai kana da naka, ku zagaya tare da mutumin sashen ayyuka. Ka'idar gangaren da keke ke hawa ita ce duk tsayin taku 1 a ba shi tsawon taku 12. Matakalarku huɗu, in kowace santimita 15 ce, tsayin ya kama santimita 60, kenan gangaren sai ya haura mita 7. Abin da 'yan kwangila ke yi shi ne su watsa siminti a gefen matakala mita ɗaya da rabi a tsaye kamar bakin rijiya, wani ma har ya manna tayil mai santsi don kyau, mai keke bai isa ya hau shi kaɗai ba, in ya zo sauka kuma Allah ya kiyaye. A yi shi da kaushi, da ƙarfen riƙewa gefe da gefe, ƙofa kuma faɗinta ya kai santimita 90. Ku leƙa banɗaki, ku je famfon tuƙa-tuƙa ku ga dakalin da taɓon da ke kewaye da shi, ku sa shi jami'in ya zauna a kekenka ya gwada da kansa, cikin raha ba da faɗa ba. Daga nan ku zaɓi abu uku kacal masu sauƙin kuɗi ku kai kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, wanda akan shirya a watannin ƙarshen shekara. In kuka kai buƙata talatin ba za a yi ko ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni uwa ce daga wani ƙauye a Kano ta Arewa, 'yata shekararta tara ba ta ji tun zazzaɓin da ta yi tana ƙarama. Na kai ta firamaren garinmu hedimasta ya ce ba su da malamin kurame in kai ta birni, ni kuma ba zan iya rabuwa da ita ba. Irin wannan kwamiti zai yi mana wani abu?

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya raya ta ya yi mata albarka. Makarantar da yake nufi ta Tudun Maliki ce a cikin Kano, kuma in ta ƙara girma ki sake tunani a kai, don a can za ta samu 'yan uwanta da malaman da suka iya maganar hannu. Amma hedimasta ba shi da hurumin mai da ta gida, dokar 2018 ɗin nan ta ba ta haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Kafin a kafa wani kwamiti ma akwai wanda ke ƙofar gidanki, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar da ake kira SBMC, wanda mai unguwa da iyaye da wakiliyar mata ke ciki. Ki je da mahaifinta ko kawunta a yi maganar a can, a karɓe ta, a zaunar da ita a layin gaba inda za ta dinga ganin bakin malami da allo. Inda kwamitin ƙaramar hukuma zai yi amfani shi ne ƙirga. In aka bi mazaɓa-mazaɓa aka rubuta yaran da ba sa ji da ke zaune a gida, sai a je wa sakataren ilimi da lissafi a hannu a nemi aji ɗaya da malami ɗaya a firamaren da ke tsakiya. Yaro ɗaya ana iya cewa a kai shi birni, yara ashirin da sunayensu da sunan ƙauyukansu kuwa da wuya a kore su da baki.

TAMBAYA: Malam ni kansila ne a Jigawa, ina son in gabatar da wannan a zaurenmu amma na san abokan aikina za su ce babu kuɗi.

AMSA: Ranka ya daɗe, kafa kwamitin ba ya cin komai sai kuɗin mota da ruwan sha. Ka ce musu ba sabon aiki kake nema ba, ayyukan da aka riga aka sa a kasafi ne kake so a duba zanensu kafin a zuba kankare. Kuma ranar da za ka gabatar kar a yi zaman a bene, a sauko ƙasa inda waɗanda ake maganar a kansu za su iya shigowa su ji da kunnensu, a tanadi mai fassara saboda kurame.