Murya daga Yamai: amsa ga mai son kama wanda ke gwada shiga serber ɗinsa

To, salamu alaikum jama'ar wannan rukuni. Ƙanena, kai da ka turo hoton log ɗin nan, wato rajistar da serber ke rubuta duk wanda ya gwada shiga, jiya da dare, na gani, sai yanzu na samu sukuni. Ka ce wani IP, wato lambar adireshin wata na'ura a intanet, ya kwana yana gwada kalmar sirri a serber ɗinku, kana so a koya maka yadda za ka bi sawunsa har ka san ko wane ne. Ni dai na san inda ka dosa. So kake a ce maka yaron nan ne da kuka sallama daga aiki. Shi ne a ranka, kowa a nan ya san zancen. To hoton da ka turo bai nuna shi ba, ko kaɗan.

Dubi sunayen da ake gwadawa mana. root, admin, test, oracle, postgres, ubuntu. Wanda ya zauna a biro ɗinku ya san sunan da kuke shiga da shi, me zai kai shi gwada oracle? Kuna da Oracle ne, manhajar nan ta ajiye bayanai? Wannan na'ura ce ke aikinta, ba wanda ya zauna yana dannawa. Adireshin IPv4 na duniya gaba ɗaya wajen biliyan 4 da miliyan 300 ne, kuma tun 2013 masu bincike a jami'ar Mishigan ta Amurka suka fito da manhajar ZMap, wadda ke zagaye su duka tana ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, wato port, cikin ƙasa da awa guda. Kana tada serber ka bar ƙofa ta 22, wadda ake shiga serber daga nesa ta cikinta da SSH, a buɗe, kafin ka gama shayin farko sun iso. Ba su san ka ba, ba su ma san akwai wani gari wai shi Yamai ba.

Yanzu, bin sawun. Ana yi, ba na ce ba a yi ba. Ka buga whois, umarnin da ke nuna mai riƙe da IP, ka sa lambar. Zai gaya maka wace hukuma ta ba da ita: AFRINIC ce ke raba na Afirka, tana tsibirin Moris, RIPE na Turai da Gabas ta Tsakiya tana Amsterdam, sai APNIC, ARIN da LACNIC na sauran yankunan duniya. Za ka ga sunan kamfanin da ke riƙe da jerin lambobin, da ƙasar, da adireshin kai ƙara, wannan mai farawa da abuse. Ka sake sa ta a AbuseIPDB, shafin da ake kai ƙarar IP masu ɓarna, sau da yawa za ka tarar mutane daga ƙasashe barkatai sun riga ka kai kukanta. Iyakar abin da za ka samu ke nan. Taswirar nan da ke ɗiga maka jan tabo a tsakiyar wani gari, kintace ne kawai, kar ka ɗauka gidan mutum ne.

Kuma ko da ka gano na'urar, me ka gano? Lambar babur ka riƙe, babur ɗin kuwa na sata ne. In ka bi lambar, ƙofar wanda aka yi wa sata za ta kai ka. Yawancin waɗannan IP ɗin ko dai serber ne na haya da aka biya da katin sata, ko na wani bawan Allah da aka fasa bai sani ba, ko kamara, ko ruter. Kun tuna Mirai, muguwar manhajar nan ta 2016? Sunaye da kalmomin sirri wajen 60 kawai yake gwadawa, irin waɗanda na'ura ke fitowa da su daga masana'anta, admin admin, root 12345. Da su ya tara kamarori da ruter dubu ɗaruruwa, a watan Oktoba na shekarar aka auka wa kamfanin Dyn da su, wanda manyan shafuka suka dogara da shi don a same su a intanet, Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka.

Wannan fa shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kun sha ji na ina faɗa. Masu ɗaura kamara da masu haɗa wifi na unguwa. Wallahi wasu ba su da tsoron Allah a aiki. Mutum ya karɓi kuɗin Alhaji, ya ɗaura masa kamara takwas, ya buɗe ƙofa a ruter don Alhaji ya riƙa kallon shagonsa ta waya, kalmar sirri kuwa tana nan yadda ta fito daga kwali. Ruter na kamfanin MikroTik kuma, an gano ɓarakar Winbox, manhajar saita shi, tun 2018, ƙofa ta 8291, kamfanin ya fitar da gyara a shekarar, amma har gobe za ka tarar da wanda ba a taɓa sabunta shi ba, yana rataye a bango ƙura ta rufe shi. Akwai wani Alhaji a Tawa, mai sayar da kayan gini, ya kira ni wai saƙonninsa ba sa isa wurin masu turo masa kaya. Na duba, IP ɗinsa na cikin jerin Spamhaus, jerin masu fesa saƙonnin banza da ake toshewa. Ashe ruter ɗinsa ne ke fesa saƙonnin banza dare da rana ta ƙofa ta 25, ƙofar imel, shi yana can yana zagin rezo. Na ce a kira wanda ya haɗa. Aka kira, sai ya ce wai ba zai ba da kalmar sirri ba sai an biya shi kuɗin zuwa. Kalmar sirrin da bai taɓa canzawa ba! Na buga ta farko ta buɗe. Kuma da aka gaya masa, ko a jikinsa, wai ai yana aiki. Yana aiki mana, yana yi wa ɓarayi aiki. Shi ma Alhajin, da na ce a sayi sabon ruter, sai ya fara lissafin jika nawa ne, ga shi ciniki ya tsaya masa saboda saƙo ba ya tafiya. Bayan haka ma na ji wai ya sake kiran mutumin nan ya haɗa masa na gida. To ka ji. Abin da nake so ka gane, a can wata ƙasa akwai wani kamar kai da ya ga IP ɗin Alhaji a log ɗinsa, yana cewa ƴan Nijar sun dame shi. Alhajin da ko imel ɗinsa ɗansa ke buɗe masa.

Ina nake ma? Yauwa, in IP ɗin na gida ne. A ce whois ya nuna maka Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom. Kar ka yi murna tukuna. Kamfanonin waya kusan ko'ina suna tara mutane da yawa a bayan lamba ɗaya, saboda lambobin IPv4 sun yi ƙaranci. Duba wayarka, za ka ga lambar da aka ba ka ta fara da 10, ko tsakanin 100.64 da 100.127, wadda duniya ke gani kuma daban ce, ku da yawa ke amfani da ita, gobe ta koma hannun wasu. Kamfanin ne kaɗai zai iya cewa ga mai layin, kuma ba kai zai ba wa ba, sai da takardar shari'a. A Nijar muna da dokar laifukan intanet tun 2019, in an yi maka ɓarna ta gaske ka kai ƙara, ka tafi da log ɗinka cikakke, da kwanan wata, da lokaci har daƙiƙa. Ka lura da agogo: serber da yawa suna kan UTC, wato agogon GMT, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Awa ɗaya ta isa a kama wanda bai ji ba bai gani ba. Sannan wanda ya ba ka shawara a ƙarƙashin hoton wai ka rama, ka kutsa cikin na'urar tasu, malam, dokar nan kai za ta fara kamawa.

Abin yi kuwa ba shi da yawa. Ka koma shiga da makullin SSH, ka sa PasswordAuthentication no, ka sa PermitRootLogin no, wato ka hana shiga da kalmar sirri da kuma shiga da sunan root. Daga nan su gwada har Mahadi ya bayyana. Amma ka tabbata makullin ya buɗe maka a wata taga kafin ka rufe ta farko, in ba haka ba kai za ka kwana a waje. Sai fail2ban, manhajar da ke toshe IP mai yawan kuskuren kalmar sirri. Yadda yake zuwa, wanda ya yi kuskure sau 5 cikin minti 10, sai ya toshe shi na minti 10. Ka ƙara lokacin in kana so, amma ban da toshewa ta har abada a kan IP ɗin kamfanonin waya, don kiliyan ɗinka za ka kora. Ka sa IP ɗin biro a ignoreip, don kar ya toshe ku. Canza ƙofa daga 22 zuwa wata, to, yana rage hayaniyar log, ba wani tsaro ba ne. Masu Windows, ƙofa ta 3389 ta shiga daga nesa ba ta da abin yi a fili, a sa ta bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro. Masu WordPress kuma ku duba wp-login.php da xmlrpc.php, nan suke taruwa, ku sa tabbatarwa mai mataki biyu. 

Hajiya, ke kuma da kika tambaya kan saƙonnin banza da ke zuwa da sunan kamfaninku. Sunan da ke wurin From kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin. Ki buɗe asalin saƙon ki dubi layukan Received. Wanda serber ɗinku ya rubuta, na sama, shi ne abin yarda, na ƙasa mai turowa na iya ƙirƙira su. Maganin ba farautar IP ba ne, a sa muku SPF da DKIM da DMARC, saitunan da ke tabbatar da saƙo daga gare ku yake, a sunan yankinku, wato domain. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan haka, ko ba don masu sojan gona ba, saƙonninku na gaskiya ma za su riƙa faɗawa kwandon shara in babu su.

Kai kuma ƙanena, daren nan ka bar ƙirga Failed password, ko dubu nawa ne ba su shiga ba. Ka buɗe /var/log/auth.log ka nemi Accepted, wato wanda ya samu shiga. In babu fayil ɗin, journalctl zai ba ka. Ka buga last ka ga waɗanda suka shiga, ka leƙa authorized_keys ka ga ko akwai makullin da ba naku ba, ka duba crontab ko an sa wani aiki mai tashi da kansa. Kwant ɗin yaron da ya tafi, kun rufe shi kuwa? Kun canza kalmar sirrin da kuke amfani da ita ku duka a biro? Don in shi ne, ba gwaji zai yi ba, shiga zai yi kai tsaye, layi ɗaya tak za ka gani. In ka ga Accepted a lokacin da ba kowa a bakin aiki, ka kira ni ko tsakar dare ne, kar ka goge komai. Kuma don Allah ka janye hoton nan, adireshin serber ɗinku na nan ɓaro-ɓaro a samansa, ga mu nan fiye da ɗari a ciki.