Yana haddace wasan ces (chess, darar Turawa) kaf amma ya manta aike, lafiya kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana JSS3, ya shiga kulob ɗin ces a makarantarsu, yanzu sai ya zauna ya jera maka wasan da ya buga satin da ya wuce tun daga farko har ƙarshe, amma wallahi in na aike shi kasuwar Taminus kayan miya guda huɗu sai ya dawo da biyu. Raini ne ko me? Kuma gaskiya ne ces ɗin na ƙara ƙwaƙwalwa a karatu?
Wata uwa daga Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, kwantar da hankalinki, ba raini ba ne, haka manyan 'yan wasan ma suke.

Wani masani ɗan Holan, Adriaan de Groot, ya gwada abin, ya wallafa sakamakonsa tun 1946, sai Chase da Simon suka maimaita a Amurka a 1973. Za a nuna wa mutum allon ces na daƙiƙa 5 kacal sannan a rufe, a ce to mayar da kowane ɗa inda yake. Gwani sai ya mayar da mafi yawansu, ɗan koyo kuwa da ƙyar ya samu huɗu biyar. Amma wajen da ya fi burge ni shi ne da aka watsa 'ya'yan barkatai yadda ba za su taɓa zama a wasan gaske ba, nan take gwanin nan ya rufto, tazararsa da ɗan koyo ta koma 'yar kaɗan.

Kin ga ashe ba hoto yake ɗauka da ido ba. Shi ba ya ganin doki can soja can, tsari yake gani, sarki ya koma lungu sojoji uku a gabansa, wannan abu ɗaya ne a kansa don ya gan shi sau ba adadi. Kamar yadda in aka ce miki 0803 ba kya riƙe lamba huɗu, kin san MTN ne kawai ki wuce. Masana sun yi kiyasin babban gwani na ɗauke da irin wannan tsari wajen 50,000, kuma shekaru ake yi ana tara su, shi ya sa wani gwanin ces, Timur Gareyev, ya iya buga wasa 48 lokaci guda ido a ɗaure a 2016.

To attaruhu da daddawa ba sa cikin tsarin da yaronki ya tara, shi ke nan matsalar.

Batun karatu kuma kar ki sa rai da yawa, an gwada a firamaren Ingila da yara kusan 4,000, sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna lissafinsu ya ƙaru ba. Ni dai ban ce ki hana shi ba, ya fi yawon majalisa nesa ba kusa ba, amma lokacin littafi daban na allo daban. Aike kuma ki riƙa rubuta masa a takarda ko ki tura masa a WhatsApp.