Kun Tambaya, Mun Amsa: Rajistar Kurman Jirgin Wasa a Amurka

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga 'yan'uwa mazauna Amurka suka zo, kuma duk a kan ƙananan jirage marasa matuƙi da ake sarrafawa da rimot. Hukumar da ke da alhakinsu a can ita ce FAA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saya wa ɗana mai shekara 12 kurman jirgi ƙirar DJI, an rubuta giram 249 a jikin kwalinsa. Mai shagon ya ce ba ya buƙatar rajista. Haka ne? (Wani uba daga Bronx, New York)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai shagon bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya faɗa maka. Doka ta ce jirgin da ake tashi don nishaɗi sai an yi masa rajista idan nauyinsa ya kai giram 250. Shi ya sa kamfanin ya tsaya a 249. Sai dai nauyin da hukuma ke dubawa shi ne na lokacin tashi, da duk abin da ke jikinsa. Ka sa masa garkuwar farfela, ko fitilar dare, ko babban batirin nan da ake sayarwa daban mai daɗewa a sama, to ya haura iyaka, rajista ta wajaba. Kada ka dogara da rubutun kwali. Haɗa jirgin yadda yaron zai tashe shi, ka ɗora shi a kan sikelin kicin mai nuna giram, ka ga abin da ya ba ka.

In ya haura, kai za ka yi rajistar da sunanka, domin sai mai shekara 13 zuwa sama ake karɓa.

Abin da mai shagon bai ambata ba shi ne jarrabawar TRUST, wato jarrabawar sanin ƙa'idojin tashi lafiya da FAA ta wajabta. Tun watan Yunin 2021, duk mai tashin jirgi don nishaɗi, yaro ko babba, komai ƙanƙantar jirgin, sai ya yi ta. Kyauta ce, a intanet ake yi, ba ta wuce kamar rabin awa, kuma ba a faɗuwa, don duk amsar da aka kuskure ana ba da damar gyarawa. Da kun gama, ku adana takardar shaidar a waya, ku kuma buga kwafi. Masu shirya jarrabawar ba sa ajiye bayanan kowa, in ta ɓata sai dai a sake daga farko.

Sannan ka lura da inda kake zaune. Rashin buƙatar rajista ba izinin tashi ba ne. Birnin New York yana da tasa dokar: ba a tashin jirgi ko a saukar da shi a cikin birnin sai da izinin 'yan sanda, in ban da 'yan filayen da aka keɓe a wasu wuraren shaƙatawa, kamar Flushing Meadows da ke Queens. Ga kuma filin jirgin LaGuardia, ruwa ne kawai ya raba shi da Bronx. Kafin kowane tashi ka duba ɗaya daga cikin manhajojin B4UFLY, masu nuna inda aka yarda a tashi da inda aka hana. In wurin yana cikin sararin da hasumiyar filin jirgi ke sarrafawa, sai ka nemi izini ta tsarin LAANC, wanda zai nuna maka tsayin da aka yarda da shi a wannan yankin. Wani wurin ƙafa 100 ne, wani wurin sifili. Ko a inda babu wannan takura, iyakar ita ce ƙafa 400, wato kimanin mita 120, kuma dole jirgin ya kasance inda ido ke ganinsa.

Tambaya: Na shiga wani shafi zan yi rajista, sai suka nemi dala 50. Nawa ne ainihin kuɗin? (Wata mai karatu daga Houston)

Amsa: Hajiya, rufe wannan shafin. Dillalai ne, ba hukuma ba. Kuɗin dala 5 ne, rajistar tana aiki shekara 3, kuma a shafin hukumar ake yi, mai suna FAADroneZone, wanda adireshinsa ke ƙarewa da faa.gov. Ki tanadi adireshin imel, adireshin gida, katin banki, sunan kamfanin da ya ƙera jirgin da ƙirarsa, sai lambar Remote ID ɗinsa, wato lambar shaidar da jirgin ke watsawa yana sama, in yana da ita. Ki zaɓi ɓangaren masu nishaɗi. A wannan ɓangaren lamba ɗaya tak za a ba ki, mai farawa da FA, kuma ita za ki sa wa duk jiragen da kika mallaka, ko da goma ne.

Lambar a wajen jirgin ake rubuta ta. Da can ana ɓoye ta a ramin batir, amma tun Fabrairun 2019 aka hana, domin jami'in tsaro da ya tsinci jirgi ya iya karanta ta ba tare da ya buɗe abin da bai san me ke ciki ba. Maka marar gogewa ta wadatar, ko sitika da aka rufe da salatif. Kada ki manna a jikin batir, don da kin sauya batirin lambar ta tafi. Ranar da kika sayar da jirgin, ki goge lambar, ki cire shi daga jerin kayanki a shafin.

Tambaya: Ni da hannuna nake haɗa jirage masu fiffike, ina amfani da soso da katakon balsa marar nauyi. Na ji an ce kotu ta soke rajista ga irinmu. Kuma me ake nufi da Remote ID? (Wani injiniya daga Columbus)

Amsa: Labarin da ka ji gaskiya ne, Injiniya, amma ya tsufa. An fara rajistar ranar 21 ga Disambar 2015. Wani mai sha'awar irin waɗannan jirage, John Taylor, ya kai ƙara, kuma a watan Mayun 2017 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta ba shi gaskiya, saboda wata dokar 2012 ta hana FAA kafa sababbin ƙa'idoji a kan jiragen wasa. A Disambar shekarar majalisa ta maido da rajistar, a 2018 kuma ta soke sashen dokar 2012 ɗin da ya ba su kariya. Yau jirgin balsa da kurman jirgi mai farfela huɗu hukuncinsu ɗaya ne, nauyi ne ke magana. Wanda ya kai fam 55, wato kusan kilo 25, ba a yi masa ta intanet, sai ta takarda kamar jirgin fasinja.

Remote ID kuwa tamkar lambar mota ce da ake watsawa ta iska. Jirgin yana aika lambarsa, inda yake, tsayinsa da gudunsa, ta siginar Wi-Fi ko Bluetooth, wanda ke kusa kuma zai iya kamawa da waya. Dokar ta fara aiki a Satumbar 2023, aka soma tilasta ta a Maris na 2024, kuma ta shafi duk jirgin da rajista ta wajaba a kansa. Yawancin sababbin jiragen kanti da ita suke zuwa. Kai da kake haɗa naka, hanya biyu gare ka. Ko dai ka sayi ƙaramar na'urar watsawa ka ɗaura, ka shigar da lambarta a rajistarka, kana iya kuma sauya ta daga wannan jirgi zuwa wancan. Ko ka riƙa tashi a filin da hukuma ta amince a tashi babu ita, wanda ake kira FRIA. Yawancin irin waɗannan filaye na ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin AMA ne, babbar ƙungiyar masu jiragen wasa ta Amurka.

Matsalar da aka fi samu da na'urar ita ce wurin ɗaura ta. Tana buƙatar ganin sama don ta kama GPS, saboda haka in ka cusa ta ƙarƙashin batir ko cikin gangar da aka yi da zaren kabon, ba za ta san inda take ba. Ka nisanta ta da eriyar da ke karɓar umarnin rimot. Bayan ka ɗaura, ka sake auna daidaiton jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, domin giram 20 a can wajen wutsiya sun isa su sa hanci ya riƙa ɗagawa har jirgin ya rasa iska ya faɗo.

Tambaya: Ina ɗaukar wa 'yan ƙungiyarmu bidiyon biki da taron Sallah, ba na karɓar ko sisi. Rajistar nishaɗi ta ishe ni? (Wani ɗalibi daga Maryland)

Amsa: Ba ta ishe ka ba, ɗan'uwa, kuma nan ne mutanen kirki da yawa ke faɗawa laifi ba su sani ba. Hukuma ba kuɗi take dubawa ba, manufar tashin take dubawa. Muddin ka tashi don yi wa wani aiki, ko sadaka ce, ka fita daga nishaɗi ka shiga ƙarƙashin Sashe na 107 na dokokin FAA, wanda ya shafi masu tashin jirgi don aiki. Wannan yana buƙatar lasisin matuƙi: shekara 16 zuwa sama, jarrabawa mai tambaya 60 a cibiyar da aka amince da ita, a ci kashi 70 cikin 100. Kowane jirgi kuma da tasa rajistar, har mai giram 249. Lasisin ma bai ba ka damar shawagi a kan cunkoson jama'a yadda ka ga dama ba. Tunda a Maryland kake, ka sani cewa da'irar mil 15 kewaye da filin jirgin Reagan na Washington haramtacciya ce ga wanda ba shi da izini na musamman.

Tambaya: Zan zo Kano hutun Sallah da jirgina, ina so in ɗauki hawa. Takardar FAA za ta yi min aiki a gida? (Wani mai karatu daga Atlanta)

Amsa: Ba za ta yi ba, Alhaji. Aikinta a iyakar Amurka ya tsaya. A Najeriya, tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro. Shigo da shi ma sai da takardar EUC, wato shaidar wanda zai yi amfani da kayan, daga wannan ofishin, kuma kafin tafiya ake nemanta. In ka sauka babu ita, jami'an kwastam na iya riƙe jirgin. Filin jirgin Malam Aminu Kano kuma a cikin gari yake, ga dawakai da ƙarar farfela kan iya firgita su a tsakiyar jama'a, don haka sai ka nemi yardar masu shirya hawan da jami'an tsaro.

In takardunka sun cika, batiran a jakar hannu za ka sa su, ba a akwatin da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba. Ƙarfin kowanne kada ya wuce 100Wh (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka) sai da amincewar kamfanin jirgin da za ka hau, ka rufe bakinsa da salatif, ka kuma rage cajinsa zuwa kamar rabi kafin ka bar gida.